Filin Tambaya da Amsa: Shin sauro na kwaso tsutsar kare ya sa wa mutum?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Muna da karnukan gadi biyu, kuma da damina sauro yakan yi mana yawa. Na ji an ce yana kwaso tsutsa daga jinin kare ya zuba wa mutum. Gaskiya ne? Ita ce ke kawo tundurmi? Daga wani makaranci a Lafiya.

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Maganar gaskiya ce, sai dai an haɗa maka cututtuka biyu wuri guda.

Ta karen sunanta Dirofilaria, kuma iri biyu aka fi sani. Dirofilaria immitis tana zama a zuciyar kare da jijiyoyin huhunsa, macen takan kai santimita 30. Dirofilaria repens kuwa ƙarƙashin fata take kwanciya. Idan sauro ya sha jinin kare mai ita, 'ya'yanta kan yi kamar mako biyu suna girma a cikinsa, sannan ya sauke su a cizo na gaba. Taɓa kare ko yawunsa ba ya kawo ta, sai ta bakin sauro.

Jikin mutum ba mazauninta ba ne, don haka yawanci takan mutu kafin ta hayayyafa. Abin da ta bari shi ne matsalar. Immitis kan maƙale a wata ƙaramar jijiyar huhu ta zama kulli zagayayye mai faɗin santimita 1 zuwa 3, galibi ba tari ba zazzaɓi. Sai an ɗauki hoton ƙirji a gan shi, a yi zaton ciwon daji ne ko tarin fuka. Repens kan fito da kulli a fata, sau da yawa kusa da ido, wani lokaci har ya sauya wuri. Maganinsa ƙaramar tiyata ce a ciro tsutsar. Don Allah kada a matse shi, kada a kai wa wanzami. An fi samun wannan a Italiya, Yukren, Indiya da Sri Lanka.

Tundurmi da gwaiwar da ke tafe da shi, a nan Afirka, aikin wata tsutsa daban ne mai suna Wuchereria bancrofti, kuma daga mutum zuwa mutum sauro ke kai ta. Kare ba shi da hannu. A ƙasashe irin su Malesiya da Indonesiya ne ake da wata, Brugia malayi, da kuliyoyi da birai ma ke ɗauka. 'Ya'yan bancrofti da dare suke fitowa cikin jini, shi ya sa ake ɗibar jinin gwaji tsakanin ƙarfe 10 na dare da 2. A 2017 aka sanar cewa jiharku ta Nasarawa da Filato sun katse yaɗuwarta, bayan shekaru ana rabon magungunan ivermectin da albendazole sau ɗaya a shekara, ga kuma gidan sauro.

Karnukanka kuma, kai su wurin likitan dabbobi a gwada jininsu kafin a fara rigakafin wata-wata. Inda ake kuskure shi ne a sayi allurar ivermectin ta shanu a yi wa kare da ka: adadin yakan yi yawa, kuma idan 'ya'yan tsutsa sun cika jininsa, mutuwarsu lokaci guda na iya kayar da shi. Kwanon ruwansu, tsofaffin tayoyi da gwangwanaye a riƙa zubar da ruwansu kowane mako, domin sauro na iya kammala girma daga ƙwai cikin kwana 7 zuwa 10.