Zan iya kai tsohon adon mikromosaik wajen mai wankin gwal?

Tambaya: Malam, mahaifiyata ta bar mini wani abin maƙalawa a riga da ta saya a Italiya. An jera ƙananan gilasai a jikinsa, sun fitar da kurciyoyi huɗu a bakin kwano. Ya dushe, ƙwaya ɗaya ma ta faɗo. Mai wankin gwal ya ce zai jefa shi a inji ya fito tas, amma hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Hajiya, kada ki ba shi. Hoton da kika kwatanta kwafi ne na Kurciyoyin Pliny, wani tsohon zane da aka haɗa da ƙananan duwatsu, wanda aka tono a gidan Sarkin Rum Hadrian da ke Tivoli, a Italiya, a 1737. Tun da wani gwanin sana'ar, Giacomo Raffaelli, ya baje irin wannan aiki na mikromosaik, wato zane da ƙananan gilasai, a Rum a 1775, masu sana'ar suka yi ta kwaikwayon hoton kurciyoyin suna sayar wa baƙi.

Maganar da ta ishe ni ita ce wai "ai gilashi ne, ruwa ba ya masa komai". To, me ke riƙe da gilashin? Kowace ƙwaya guntun zaren gilashi ce, an kafa ta a tsaye cikin wani kwaɓi mai haɗe da man tsirrai, aka cike tsakaninsu da kaki, sannan aka goge saman. Kwaɓin nan ya daɗe da bushewa. Injin da ke girgiza ruwa zai kaɗo ƙwayoyin, ruwan zafi ya narkar da kakin, jiƙawa kuma ta sa danshi ya ratsa ƙasa. Mai wankin gwal sarƙa da awarwaro ya sani, su ko an tafasa ba abin da zai same su. Ranar da idon kurciya ya bi ruwan wanki, haƙuri kawai zai ba ki. Haka masu cewa a goga man goge baki ko lemun tsami, waɗanda ba su taɓa duba irin wannan aiki a gilashin ƙara girma ba. Super Glue kuwa ta fi duka ɓarna, don cire ta sai da asarar ƙwayoyin da ke kewaye.

Faɗowar ƙwaya ɗaya alama ce maƙwabtanta sun saki. Ki daina sa shi, ki adana wadda ta faɗo a ƙaramar takarda, ki ajiye shi a kwance nesa da rana da zafi. Ƙura kuma ki bar ta tukuna, sai mai gyaran kayan tarihi ya duba shi.