Kada ka aika da jarinka Lome don motar da ba ka gani ba

Wani ɗan kasuwa daga Tawa, mai sayen tumaki da awaki a kasuwannin Abalak da Badagishiri, ya rubuto yana cewa ya tara sefa miliyan 9 don sayen motar da za ta jure yashi da hanyoyin ruga, domin rabin makonsa a daji yake yin sa. Ƙanen matarsa da ke zaune a Lome ya ce ya samo masa Land Cruiser V8 da araha, ya aika da kuɗin kawai, kuma idan ta iso zai iya ba ƙungiyoyin agaji haya ta mayar da kuɗinta cikin shekara guda. Yana tambaya ko V8 ta fi Hilux dacewa da shi.

Alhaji, tambayar da ka yi mai sauƙi ce, kuma zan amsa ta, amma abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne niyyar da ka yi ta miƙa dukkan abin da ka tara ga surukinka, ba takarda, ba shaida, don ya sayo maka motar da hotonta kawai ka gani a waya. Ban ce yaron maci amana ba ne. Sai dai shi ba makanike ba ne, ba shi zai kwana da ita a daji ba idan ta tsaya, kuma ranar da lissafi ya rikice ba ka da bakin da za ka tuhume shi ba tare da gidanka ya girgiza ba.

Na san wani mai sayar da albasa da ya yi haka da ɗan wansa, tun lokacin da ake shigo da motoci ta Kwatano kafin a rufe iyakar Nijar da Benin a 2023. Ya aika da miliyan 7, sai aka dawo ana neman ƙari na duwan, aka sake neman na direba da na hanya, har kuɗin ya kai kusan miliyan 10. Motar ta zo tana sheƙi, ta yi wata biyu, sannan giyarta ta lalace, kuma ba a samu kayan gyaranta a Tawa ba. Na gan ta da idona a ƙofar gidansa, tayoyi sun sace, awaki suna shan inuwa a ƙarƙashinta. Da ya nemi a yi masa lissafi, mahaifiyarsa ce ta kira shi ta ce ya bar maganar saboda zumunci, ya kuwa bari, kuma kakar albasar shekarar ta wuce shi ba shi da jari.

Yanzu ma hanyar ta fi tsawo, domin kayan Lome sai sun ratso Burkina Faso, kuma kowane kwana da mota ta ƙara a hanya kuɗi ne da ba ya cikin farashin da aka faɗa maka.

Batun haya kuwa ka cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Ba ka da yarjejeniya da kowace ƙungiya, kuma motar da ke hannun masu haya ba za ta kai ka kasuwar Abalak ba. Ina jin wannan mafarkin daga bakin mutane da yawa, kuma kusan kullum mai son a saya ne yake fara kawo shi.

Abin da sana'arka take buƙata shi ne Hilux mai shan gazuwal, mai giyar hannu, wadda tayoyinta huɗu suke ja, mai buɗaɗɗen baya da za ka loda raguna da buhunan dusa. Zuwa Abalak da dawowa wajen kilomita 270 ne. Hilux za ta sha lita 30 ko ƙasa da haka, V8 mai fetur kuwa za ta kusanci 50, kuma ba za ka so ka zuba dabbobi a kan kujerunta ba. Makanikan Tawa sun san Hilux ciki da waje.

Ka ɗauki makaniken da kake biya da kanka ku tafi Yamai, ku nemi wadda an riga an biya mata duwan. Ya shiga ƙarƙashinta ya duba tsatsa da wuraren da aka yi walda, ku gwada lambar da ke jikin ƙarfenta da ta takardun, sannan ku fita da ita bayan gari ku sa ta cikin yashi. Kada ka wuce miliyan 7 da rabi, ragowar kuma ka ajiye don tayoyi, inshora da gyaran farko. Idan miliyan 7 da rabi ba ta kai ga mai lafiya ba, ka ci gaba da shiga motar kasuwa har bayan Babbar Salla, lokacin da ka sayar da ragunanka. Surukinka kuma ka kira shi yau, ka gode masa, ka gaya masa cewa ka fasa.