Star Wars da Star Trek: Shin Jirgi Ɗaya Ya Kwaso Su?

Tambaya: Malam, a fadarmu ta unguwar Birni a nan Damagaram gardama ta ƙi ƙarewa. Wasu sun ce finafinan Star Wars da na Star Trek duk na kimiyya ne, wasu kuwa sun ce ɗaya tatsuniya ce zalla. Ina gaskiyar take?

Amsa: Ƙanena, masu magana ta biyu sun fi kusa da gaskiya, domin jiragen sama jannati da baƙin halittu ne kaɗai suka haɗa su. Abin da ya kamata ku duba shi ne da me ake warware matsala idan tura ta kai bango.

Gene Roddenberry ne ya ƙirƙiro Star Trek a matsayin shirin talabijin a Amurka a 1966, fim ɗinsa na farko kuma ya fito a 1979. Labarin ya shafi jikokinmu ne, mutanen wannan duniya tamu a ƙarni na 23, waɗanda suke yawon bincike cikin jirgin Enterprise ƙarƙashin dokar da ta hana su tsoma baki a al'amuran al'ummomin da ba su kai su ci gaba ba. A fim ɗin 1982, da injin jirgi ya lalace, sai da Spock, ɗaya daga cikin manyan jami'an jirgin, ya shiga ɗakin injin ya gyara shi da hannunsa, tururin nukiliya ya kashe shi. Ba ina nufin kimiyyarsu ta tabbata ba, domin babu jirgin da ya fi haske gudu kamar yadda nasu yake yi, amma suna ƙoƙarin kawo dalili, har ma masanin kimiyya ɗan Meziko, Miguel Alcubierre, ya yi lissafi a kan irin wannan tafiya a 1994.

Star Wars kuwa, wanda George Lucas ya fitar a 1977, tun daga farkonsa ya sanar cewa abin ya faru ne a can da, a wata duniya mai nisa, tamkar mai cewa ga ta nan ga ta nanku. Akwai wani yaro mai suna Luke da ya tashi a hannun kawunsa cikin hamada (a Tunisiya aka ɗauki wuraren), da gimbiya, da dattijon malami, da takubban haske. A ƙarshen fim ɗin, sa'ad da Luke zai harba makamin da zai tarwatsa sansanin maƙiya, kashe kwamfutar saiti ya yi, ya dogara da wani ɓoyayyen ƙarfi da ake kira Force. Da a Star Trek ne, da an ce ya yi ganganci da rayukan jama'a.

Ni dai na fi karkata ga Star Trek, saboda ya nuna baƙar mace, Nichelle Nichols, tana jami'ar sadarwa a ɗakin sarrafa jirgi tun a shekarun 1960, kuma Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta faɗi cewa wannan ya ƙarfafa mata gwiwa.