Gaba Da Bonet: Motata Na Rawa A Silo, Tana Kuma Zubar Da Baƙin Mai

TAMBAYA: Salam Oga, barka da ƙoƙari. Dan Allah ina da Camry 1999 wadda ake ce ma fensir, mai silinda huɗu, shekara shida tana hannuna bata taɓa bani ciwon kai ba sai bana. Idan na tsaya a danja ko gosulo sai ta kama rawa har sitiyari na karkarwa, in na kunna AC kamar zata mutu, amma da na taka totur shikenan ta daidaita. Sannan kullum da safe sai na tarar da baƙin mai a ƙasa, duk sati biyu sai nayi ciko. Bakanike na yace ringi ne sai an sauke inji, wani kuma yace in sai na Beljiyam kawai in huta. Wallahi bani da wannan kuɗin yanzu, meye shawara? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya rufa asiri. Kafin komai dan Allah kar ka bari a kwance ko noti ɗaya da sunan sauke inji tukuna, domin duk abin da ka lissafa babu wanda ya nuna ringi kai tsaye. Inji mai matsalar ringi ƙona mai yake yi, zaka ga hayaƙi mai shuɗi shuɗi na fita a salansa musamman in ka taka, kai kuma naka a ƙasa kake tarar da shi, wato zuba yake ta wani waje, kuma wajen nan ana iya gano shi.

Injin da ke cikin motarka shi ne 5S-FE, lita 2.2, inji ne mai haƙuri sosai amma shekarunsa sun haura 25, duk wata roba da ke jikinsa ta sha zafi ta bushe ta zama kamar katako. Toh abu na farko da zan so ka duba da idonka, da safe inji na sanyi ka buɗe bonet ka zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya, ka haska ramin da tocilar waya. In kaga bakin wayar ya jiƙe sharkaf ko kaga mai kwance a ramin ya kewaye fulogin, to ka kama ɓarawo ɗaya mai laifi biyu. A wannan injin murfin sama notuna huɗu ne manya masu lamba 30 ke riƙe da shi, a bakin ramukan fulogin suke, ƙarƙashin kowanne akwai sil, idan suka mutu tare da gaskit ɗin murfin sai mai ya riƙa gangarowa ta waje yana bin jikin inji har ƙasa, ta ciki kuma yana cika ramin fulogi, robar wayar ta kumbura, wuta ta riƙa tsallakewa gefe maimakon ta isa bakin fulogi. Silinda ɗaya na fashi kenan, a silo zaka ji shi sosai saboda inji na juyawa a hankali wajen 700 zuwa 750, da ka taka sai gudun ya rufe shi. Ba sau ɗaya ba na ga an zaro waya mai na ɗiga daga bakinta kamar an tsoma ta a kwano, mai motar kuma an riga an yanka masa kuɗin sabon inji.

Gyaran wannan shi ne a canza gaskit da sil huɗu da fulogi, da wayoyi in sun kumbura. Abin da nake roƙo ka tsaya a kai shi ne gam. Wasu yaran gareji sai su matse rabin kwali a kewaye murfin gaba ɗaya, alhali ɗan kaɗan ake ɗigawa a kusurwoyi kawai, ragowar da ya matso ta ciki yana ɓallewa ya faɗa cikin mai ya je ya toshe rariyar famfo, daga nan kuma maganar sauke inji ta zama gaskiya.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu a saman murfin nan da kusan ba wanda ke kula shi, PCV ake ce masa, bai fi ɗan yatsa ba, da tiyo a jikinsa. Aikinsa fitar da iskar da ke taruwa a cikin inji. In ya toshe iskar bata da hanya sai ta riƙa turo mai ta kowane sil, kaga mota na zufa ko ta ina, a canza gaskit bayan wata biyu ta dawo. Ka zare shi ka girgiza kusa da kunnenka, mai lafiya zaka ji yana ƙas ƙas, in shiru ne ka canza, kuɗinsa ba wani abu bane. Tiyon kuma ka lanƙwasa shi ka gani, in ya tsage inji na shan iska ta ɓarauniyar hanya, wannan kaɗai ya isa ya sa mota rawa. Haka zaka bi sauran ƙananan tiyoyin da babban na iska mai zuwa wajen totur, ka kasa kunne inji na aiki ko zaka ji tsiii.

To in ramukan fulogi a bushe suke fa? Sai a koma wajen totur. A ƙarƙashinsa akwai bawul ɗin da ke riƙe silo, shi ke ƙara wa inji iska in ka kunna AC, kuma da ƙurar da muke sha a nan musamman lokacin hunturu dole ya cushe da baƙin datti. Yadda kace AC na neman kashe ta, ni zuciyata ta fi karkata nan ko da an samu mai a fulogin, a cire totur ɗin da bawul ɗin a wanke duka biyun kawai. Kar ka yarda a ɗaure maka wayar totur wai an ƙara silo, ɓoye ciwo ne kuma mai zata ƙara sha. EGR ma, wato bawul ɗin da ke mayar da ɗan hayaƙin salansa cikin inji, in ya maƙale a buɗe yana kawo irin wannan rawar. Motarka tana karɓar kwamfuta, a sa mata, in ta nuna lamba P0301 zuwa P0304 tana gaya maka silindar da ke fashi, P0171 kuma iska ta fi fetur yawa. In duk an duba lafiya amma rawar sai ka sa giya take zuwa, a duba injin sit.

Mu dawo kan yoyon, don wataƙila ba waje ɗaya bane. A wanke injin tas amma a rufe kwayil da altaneta da leda, kayi yawon kwana biyu, da dare ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashi. Mai daga sama yake gangarowa, saboda haka inda ya fi tsayi da ka ga jiƙa nan ne tushen, ba inda yake ɗiga ba. In ɗigon ta gefen mai zaman banza ne kusa da tayar gaba, to wannan sanannen ciwon 5S-FE ne, sil ɗin famfon baƙin mai da robar bayansa, suna cikin murfin tayimin bel, kuma in suka saki zuba suke da gaske inji na aiki. Tunda sai an cire bel ɗin ake kaiwa gare su, ka haɗa aikin gaba ɗaya, bel da sil na kam da na kuranki da famfon ruwa, kar ka biya kuɗin aiki sau biyu, bel ɗin da ya sha mai kuma bashi da sauran amana. In kuwa tsakanin inji da giya yake ɗiga to sil ɗin baya ne, shi kam sai an ja giya, amma fa a tabbatar ba daga sama yake biyowa ba.

Shi kuma bakaniken ka kar ka yi faɗa da shi, kace masa ya auna maka kwamfureshan, wato ƙarfin matsin iska na kowace silinda, a gabanka. Wannan injin 178 psi ne cikakkensa, kar ya gaza 142, kuma bambancin silinda da silinda kar ya wuce 14. In ɗaya ta faɗi a ɗan zuba mata mai a sake aunawa, in ta tashi sosai to maganarsa ta ringi ta tabbata, in bata motsa ba bawul ɗin silindar ne ko gaskit ɗin top. Kafin a kai ga gyaran, kullum da safe ka zaro geji ka duba, ka ajiye lita ɗaya a but, kuma in jar fitilar mai ta kama kana tafiya ka gangara gefe ka kashe nan take ko a tsakiyar hanyar Kaduna ne. Ka rubuto mana abin da ka tarar a ramin fulogin.