Tambaya da Amsa: An Yi Mini Aikin Ƙaba, Ina da Haƙƙi a Wajen Hukuma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan dako ne a kasuwar Maigatari, ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Gumel. Yau mako biyu da yi mini aikin ƙaba, likita ya hana ni ɗaukar kaya, kuɗin aikin ma rance na ci. Shin akwai abin da hukuma ta tanadar wa irina?

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Ba zan ɓoye maka ba, gwamnati ba ta biyan mai sana'ar kansa kuɗin kwanakin da ya yi yana jinya, kuma a ganina wannan babban giɓi ne. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar asusun inshorar ma'aikata ta ƙasa (NSITF) ke gudanarwa, tana amfanar wanda aka yi wa rajista ake kuma zuba masa kuɗi ne kawai.

Abin da kake da rabo a cikinsa shi ne magani. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, kuma a Jigawa hukumar inshorar lafiya ta jihar, wato JICHMA, ce ke yi wa masu ƙaramin ƙarfi rajista a ƙarƙashin wannan asusu. Ka tafi asibitin mazaɓarku da lambarka ta NIN, ka nemi a saka ka da iyalinka. Guraben suna da iyaka, kuma ba za a mayar maka da abin da ka riga ka kashe ba.

Batun rance da cefane kuwa, ƙofar zakka ta fi kusa da kai. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci rukunin mutane takwas da ake ba zakka, cikinsu har da matalauci da wanda bashi ya yi wa katutu, saboda haka kada ka ɗauke ta bara. Ka riƙe takardar sallamar asibiti da rasiɗan magani, ka fara da mai unguwa, shi zai kai ka ga dagaci har maganar ta isa kwamitin zakka na masarauta.

Abin da na fi ji maka tsoro shi ne ranar Alhamis, ranar cin kasuwar Maigatari, ta zo, ka ga ana sauke buhunan gero, tukunya kuma ba komai, ka ce bari ka taɓa ɗaya. Yawanci likitoci kan hana ɗaukar nauyi na mako huɗu zuwa shida, domin kada ɗinkin ciki ya saki, ƙabar ta dawo. Ka roƙi shugaban 'yan dakonku ya ba ka tsaron kaya ko ƙirgan buhu kana zaune, har ranar da likita da kansa zai ce ka koma.