Yadda ake bambanta kwalkwalin Oirat da na Kazak

Ka tambayi yadda za a bambanta kwalkwalin mayaƙan Oirat da na Kazak na ƙarni na 17 da na 18. A ganina, wurin da ya fi dacewa a fara dubawa shi ne adon da ke jikin ƙarfen.

Oirat, wato Mongolawan yamma waɗanda suka kafa daular Jungar, sun karɓi addinin Buddha irin na Tibet a farkon ƙarni na 17, kuma hakan ya bayyana a kwalkwalin manyansu. Maƙeri yakan karce fuskar ƙarfen da siraran layuka, sannan ya buga zinariya ko azurfa a kai har ta kama, ya fitar da furanni da addu'o'in Sanskrit, tsohon harshen Indiya, cikin rubutun ado na mabiya Buddha da ake kira Lantsa, saboda an yi imani cewa kalmomin suna kare mai sanye da shi. A ƙoƙuwar akwai bututun da ake soka gashin tsuntsu ko tunku, a ƙasa kuma kyalle mai farantan ƙarfe yana rufe kunnuwa da ƙeya.

Kazak, wato mutanen yankin Kazakhstan ta yau, Musulmi ne, suna kiran kwalkwalinsu "dulyga", kuma sun fi son rufe kunnuwa da ƙeya da labulen sulke irin na Bukhara da Iran.

Sai dai a yi hattara, domin al'ummomin biyu sun daɗe suna gwabza yaƙi, musamman bayan mamayar da Jungar suka yi wa ƙasar Kazak a 1723, kuma kwalkwali mai daraja yakan sauya hannu ta hanyar ganima, sabon mai shi ya ƙara masa nasa sulken.