Ga mai tambaya kan tallan barkwanci a shagon littattafai

Salam ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta, wai ko tallan ban dariya yana jawo ɗalibai shagon littattafai a cikin makaranta. Ni na gwada, har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Bayan yajin aikin malaman jami'a na 2022, ka san wata takwas aka kwashe daga Fabrairu har Oktoba, shago a kulle haya tana ta tafiya, littattafan da na saro a Sabon Gari duk sun yi ƙura wasu ma gara ta fara ci. Ana dawowa sai ga wani yaro ɗan aji uku mai barkwanci a TikTok, bakinsa kamar zuma, wai Oga ka ba ni kaza in yi maka bidiyo, gobe sai ka rasa inda za ka sa mutane. Na ba shi, har da kyautar littafi. Bidiyon kam ya ba da dariya, ɗalibi ne ya shiga jarrabawa kansa fayau yana ta salati yana leƙen na kusa da shi. Ya zaga WhatsApp ɗin kowa. To ina sunan shagona? Can a ƙarshe da ɗan mitsitsin rubutu, lokacin kowa ya wuce. Shi mabiyansa suka ƙaru, ni ko biro ban sayar ba ta dalilinsa. Abin da ya fi ƙona min rai, ashe tafiyar wani malami ya kwaikwaya a ciki, malamin ya gane, aka kai masa gulma wai ni na biya a ci masa mutunci, mutumin da duk zango yake turo min ɗalibansa. Sau uku ina zuwa ofishinsa ban haƙuri, ko kujera bai nuna min ba. Yaron kuwa in mun haɗu sai ya washe baki wai Oga ai wasa ne. Wasa! Allah ya isa dai.

Don haka ko me za ka yi kar ka bari a sako malami a ciki, ko da inuwarsa ce. Kuma ka sani ɗalibi dariya kyauta yake yi, aljihunsa ba ya motsi sai malami ya ce littafin dole ne ko jarrabawa ta matso, in ba haka ba PDF na nan a guruf ɗin ajinsu. Ka kama shugabannin aji, ɗan ragin da za ka yi musu ya fi bidiyo goma. Ni yanzu fotokwafi da ɗinkin furojet ke riƙe da ni, ba littafi ba. Bashi kuma kar ka fara, musamman 'yan ajin ƙarshe, in sun tafi sun tafi ke nan.

Barkwancin da ya taɓa yi min rana guda ɗaya ne, a kwali na rubuta da alƙalamin maka na liƙa a ƙofa makon jarrabawa: biro na nan, basira kuma kowa ya zo da tasa. Na sa farashi a ƙasa. Ana dariya ana shigowa, don ga ƙofar nan a gabansu. Shagonka yana kan hanyar hostel ne ko can ciki yake?